Agogon Hannu da Agogon Rana: Layin da Ya Ratsa Tsakanin Batsari da Katsina

Duk wanda ya taɓa yin azumi a Batsari ya san ɗan lokacin nan da ke tsakanin la'asar sakaliya da faɗuwar rana. An shimfiɗa tabarma a tsakar gida, an jera kunun tsamiya da ƙosai da dafaffen rogo, rediyo na gefe yana ta magana. Can sai tashar da aka kamo daga Kano ta saki kiran salla. Yara su kai hannu ga ludayi, maigida kuwa ya ɗaga ido ya dubi yamma, wajen dajin Rugu, ya ce a dakata, ladanin unguwa bai kira ba tukuna. Ba a rasa yaron da zai ce, "Baba, ai an kira a rediyo, kuma agogonmu da na Kano ɗaya ne."

Yaron bai yi ƙarya ba, maigidan ma yana kan gaskiyarsa. Ƙarfen da agogo ke nunawa a Kano shi yake nunawa a Batsari, amma rana takan riga faɗuwa a Kano da kamar minti 5. Wannan 'yar tazara, wadda za ta iya ɓata wa mutum azumin yini guda, ita ce ƙofar fahimtar taswirar nan mai launi-launi da ake gani a bangon aji ko a cikin waya, wadda ta yanyanka duniya tsaye kamar yankan kabewa, aka rubuta wa kowane yanki lambarsa. Ita ake kira taswirar shiyyoyin lokaci. Kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ɗaya daga cikin layukan da aka gina taswirar a kansu ya bi ta ƙofar gidanmu.

Lissafin da ke ƙarƙashin taswirar

Duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, tana kammala juyi ɗaya a cikin awa 24. Masana sun raba kewayenta gida 360, kowane gida ana ce masa digiri. Idan aka raba 360 da 24 za a sami 15, wato a kowace awa rana tana ratsa digiri 15, kowane digiri ɗaya kuma yana cin minti 4. Shi ya sa na gabas kullum ke riga na yamma ganin alfijir, ya kuma riga shi shiga duhu.

A wannan ɓangare namu na duniya, faɗin digiri ɗaya ya kai kamar kilomita 108. Ke nan duk kilomita 27 da mutum ya yi ya nufi yamma, ya ƙara wa ranarsa minti ɗaya kafin ta faɗi. Batsari tana kan digiri 7 da kwata gabas da layin farko, Kano tana kan digiri 8 da rabi, ga minti 5 ɗin nan na maigida sun fito. Maiduguri, da ke kan digiri 13 da 'yan kai, tana riga Batsari shan ruwa da kusan minti 24. Sakkwato kuwa sai ta jira kamar minti 8 bayan mutanen Batsari sun kai ludayi baki. Daga iyakar Najeriya ta gabas zuwa ta yamma akwai kusan digiri 12, wato minti 48, amma duk ƙasar agogo ɗaya take bi.

Kafin agogo ya zo

Kakanninmu ba su rasa sanin lokaci ba don ba su ɗaura agogo ba. Harshen kansa shaida ne: akwai jijjifi, asuba, sassafe, hantsi, walaha, rana tsaka, azahar, la'asar, almuru, lisha, har zuwa talatainin dare. Manomi a Ruma ko Runka ya san in hantsi ya dubi ludayi lokacin fura ya yi. Fatake masu sammako suna duban fitowar gamzaki su ɗaure kaya.

Inda aka fi tsananta lissafi shi ne wajen salla. A makarantun zaure ana koya wa ɗalibi ya kafa sanda a fili ya bi inuwarta. Da safe inuwar doguwa ce ta nufi yamma, tana raguwa har ta kai iyakar gajartarta. Da ta fara ƙaruwa ta karkata gabas, rana ta yi zawali, azahar ta shiga. In ƙarin da ta yi ya kai tsawon sandar, la'asar ta yi. Wanda ba shi da sanda yakan auna inuwar kansa da tafin ƙafarsa, domin an ƙiyasta tsayin mutum a kan ƙafa 7 nasa. Wannan ilimi reshe ne na babban fanni da malaman Musulunci suka raya ƙarnoni da dama, har manyan masallatan Alƙahira da Dimashƙa suna da ma'aikaci na musamman mai kula da lokutan salla. Ƙasar Katsina ma ba a bar ta a baya ba: Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya shahara a lissafi da ilimin taurari, daga nan ya fita, ya yi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira har ya rasu a 1741.

A wancan zamani kowane gari da lokacinsa, kuma hakan bai dami kowa ba. Mai tafiya a ƙasa ko bisa jaki daga Batsari zuwa Kano yana kwana a hanya, minti 5 ba ta da wani tasiri a tafiyar kwanaki.

Jirgin ƙasa ne ya tayar da maganar

Matsala ta fara ne da mutum ya soma gudu fiye da yadda ya saba. A Ingila, da jirgin ƙasa ya yawaita, sai aka ga kowace tasha tana bin agogon garinta, jadawali ya rikice, ga haɗarin jirage biyu su haɗu a kan dogo ɗaya. A 1840 wani kamfanin jirgin ƙasa ya fara tafiyar da dukkan tashoshinsa da agogon Landan, saura suka bi, a 1880 doka ta mayar da shi agogon ƙasa baki ɗaya. A Amurka da Kanada, kamfanonin jirgin ƙasa sun raba ƙasashen shiyya-shiyya ran 18 ga Nuwamba 1883. Wani injiniyan dogo na Kanada, Sandford Fleming, yana cikin waɗanda suka fi dagewa a kan a yi wa duniya duka tsari ɗaya.

A watan Oktoba na 1884 wakilan ƙasashe 25 suka taru a Washinton don su zaɓi layin da za a riƙa fara ƙirga digiri daga kansa. Ƙasashe 22 suka zaɓi layin da ya bi ta ɗakin duban taurari na Girinic, a gefen Landan, saboda akasarin jiragen ruwan duniya da taswirarsa suke aiki. Faransa da Burazil suka ƙi jefa ƙuri'a, Faransa ma ta ci gaba da bin agogon Faris har 1911. Daga sunan unguwar Girinic aka samo harufan nan uku, GMT, da kunnen kowane mai sauraron rediyo ya saba da su. A yau takardun hukuma sun fi rubuta UTC, amma ga mai amfanin yau da kullum ƙarfensu ɗaya. Layin nan na farko ba a Turai kaɗai ya tsaya ba: ya gangaro ta Aljeriya da Mali da Burkina Faso, ya taɓa arewacin Togo, ya faɗa teku a Tema, kusa da Akra.

Shekaru biyar da agogon gwamnati ya dace da ranar Batsari

A bisa lissafi zalla, kowace shiyya faɗinta digiri 15 ne, digiri 7 da rabi a kowane gefe na layin tsakiyarta. Shiyyar GMT ta tsaya ke nan a digiri 7 da rabi gabas, daga nan shiyyar da ke gaba da awa ɗaya ta ɗauka. To, a duba inda wannan iyaka ta bi. Birnin Katsina yana gabas da ita da 'yan kilomitoci. Kurfi da Dutsin-Ma suna daf da ita. Safana da Batsari suna yamma da ita, haka ma Jibiya da Maraɗi. Da a ce lissafi kaɗai ake bi, da direban da ya ɗauko fasinja daga Batsari ƙarfe 8 na safe sai ya tura agogonsa gaba da awa guda kafin ya shiga Katsina, da kuma ma'aikacin ƙaramar hukumar Safana yana agogo ɗaya da Akra, uban gidansa da ke sakatariyar jiha yana wani. Babu gwamnatin da za ta yarda da wannan, shi ya sa aka tanƙwara layin ya koma can iyakar Benin da Togo.

Najeriya ba ta kai ga agogonta na yanzu a tashi ɗaya ba. Ran 1 ga Yuli 1905 Legas ta ɗauki GMT. A 1908 ta koma bin ranar garinta, wadda ke gaba da GMT da minti 13 da 'yan daƙiƙoƙi. Dogo ya iso Kano a 1911, wayar tangaraho ta haɗa barikokin Turawa, buƙatar agogo ɗaya ta taso. Ran 1 ga Janairu 1914, ranar da aka haɗe Arewa da Kudu, aka sa wa sabuwar ƙasar agogon da ke gaba da GMT da rabin awa. Rabin awa kuwa shi ne daidai digiri 7 da rabi, wato layin nan da ya ratsa tsakanin Batsari da Katsina. Daga 1914 zuwa 1919, in agogon gwamna a Legas ya buga 12, rana tana tsaka a kan gonakin Kurfi da Dutsin-Ma, tsakaninta da Batsari minti ɗaya tak.

Ran 1 ga Satumba 1919 aka ƙara wani rabin awa, aka koma gaba da GMT da awa ɗaya cur, kuma a nan ake har yau. Layin da wannan agogo ya dogara a kansa, digiri 15, bai ma taɓa ƙasar Najeriya ba, ta wajen Injamena ya bi. Saboda haka agogon da ke hannun mutumin Batsari yana gaba da ranarsa da kamar minti 31. Ga dalilin da ya sa duk wanda ya kafa sanda ƙarfe 12 zai ga inuwa ba ta gama raguwa ba. Zawali a Batsari yakan kama wajen 12:15 a farkon Nuwamba, ya ja har wajen 12:45 a tsakiyar Fabrairu, saboda hanyar da duniya ke bi wajen kewaya rana ba da'ira ce cikakkiya ba, ita kanta kuma a karkace take.

Yadda ake karanta taswirar

A shimfiɗa taswirar, arewa a sama, gabas a hannun dama. A saman takardar ko a ƙasanta akwai jerin lambobi. Sifiri yana tsakiya, shi ne GMT. Na dama suna da alamar ƙari, na hagu suna da alamar ragi. Abu na farko, mutum ya nemo gidansa: Najeriya, Nijar, Chadi, Kamaru, Benin da Aljeriya duk suna +1. Abu na biyu, ya nemo ƙasar da yake so, ya bi launinta har zuwa lambar da aka ba ta, kada ya bi miƙaƙƙen layin da ke kanta, domin launi ne ke nuna abin da ƙasar ta zaɓa. Abu na uku, ya cire lambar gida daga lambar can. In ƙasar tana dama, ya ƙara abin da ya samu a kan agogonsa. In tana hagu, ya rage.

Saudiyya tana +3. An cire 1, saura 2. Ƙarfe 4:30 na yamma a Batsari, an idar da la'asar ke nan, a Makka 6:30 ne, shi ya sa a azumin da ya faɗo cikin Maris ake ganin mutanen Harami a talabijin suna buɗe baki alhali mu da sauran fiye da awa 2. Ranar Arfa ma, lokacin da rana ke yin zawali a kan alhazai, a nan hantsi ne, wajen 10 da 'yan mintoci. Gana, Togo, Burkina Faso, Mali da Kwaddibuwa suna kan sifiri: ɗan uwa da ke zangon Kumasi yana bayanmu da awa ɗaya. Libiya tana +2. Sudan, inda jikokin mutanenmu da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suke zaune a Mai Wurno da wasu garuruwa, ita ma +2 ce tun Nuwamba 2017. Dubai tana +4. Sin tana +8: ɗan kasuwar da ke son magana da mai kaya a Gwanzu, in ya bari sai bayan azahar, ya tarar da can dare ya yi, domin ƙarfe 2 na rana a nan 9 na dare ne a can. Ba kowace ƙasa ce ke bin cikakkiyar awa ba. Indiya tana +5:30, saboda haka mai jinyar da aka kai asibiti a can yana gaba da gida da awa 4 da rabi. Iran tana +3:30, Nefal kuma +5:45.

Maniyyaci ya kamata ya riƙe abu ɗaya: duk ƙarfen da aka rubuta a tikitin jirgi, na garin da filin jirgin yake ne. A ce jirgi ya tashi daga Katsina 10 na dare, ya yi awa 5 a sama. Agogon hannun alhaji zai nuna 3 na dare, na bangon filin jirgin Jidda ko Madina kuwa 5 na asuba. A dawowa, in ya tashi 8 na safe, zai sauka gida 11, kamar awa 3 kawai ya yi. Babu abin da ya ɓata, awa biyun da ya bayar a tafiya su aka mayar masa.

Inda layuka suka karkace

Wanda ya ƙura wa taswirar ido zai ga ba ta da miƙaƙƙen layi sai a kan teku. A kan tudu, iyakar ƙasa da kasuwanci da siyasa ne ke jan layin. Yamai tana kan digiri 2 ne kawai, a lissafi ta GMT ce, amma Nijar ta zaɓi +1. Ƙasar Sin, wadda faɗinta ya isa shiyya 5, agogo ɗaya take bi tun 1949, har a garin Kashgar na Musulmin yammacin ƙasar rana ba ta yin tsaka sai wajen ƙarfe 3. Rasha kuwa shiyya 11 gare ta.

Akwai kuma ƙasashen da ke sauya agogo sau biyu a shekara, abin da taswira ba ta nunawa. Masu zuwa gidan kallon ƙwallo a Batsari sun san wannan ko da ba su san dalili ba. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Ingila tana tura agogonta gaba da awa ɗaya don a ci moriyar doguwar rana, sai ya zo daidai da namu: wasan ƙarfe 3 a can, ƙarfe 3 ne a nan. Da hunturunsu ya shigo suka mayar da shi, wasan ya koma 4. Wasannin dare na zakarun Turai su ma suna yawo tsakanin 8 da 9. Masar ta dawo da irin wannan sauyi a 2023. Maroko kuwa ta yi shekaru tana jan agogonta baya da awa ɗaya a watan azumi, tana mayarwa bayan salla. GMT shi ba ya motsi, mu ma ba ma motsi, shi ya sa tun da BBC ta fara shirin Hausa a 1957 masu gabatarwa ke iya faɗin ƙarfe a agogon GMT su kuma faɗe shi a agogon Najeriya da Nijar, tazarar ba ta taɓa wuce awa ɗaya ba.

A can ƙarshen taswirar, inda dama da hagu suke haɗuwa a tekun Fasifik, akwai layin sauya kwanan wata. Wanda ya tsallaka shi ya nufi yamma ya tsallake kwana guda. Tsibiran Samowa, da suka ga cinikinsu ya fi yawa da Ostareliya da makwabtanta, sun sauya ɓangare a 2011: mutane suka kwanta ran Alhamis 29 ga Disamba, suka tashi ran Asabar 31. A makon nan ba a yi Juma'a a ƙasar ba.

Kowane agogo da aikinsa

Wani zai ce waya ta ɗauke mana wannan wahala, tunda ita ke gyara kanta. Tana yi, amma ba ta san abin da ba a gaya mata ba. Manhajar lokutan salla da aka saita a kan Kano ko Abuja za ta kira magariba a Batsari a lokacin da ba nata ba. Jadawalin azumi da aka buga don wani gari ba ya aiki a wani sai an yi ƙari ko ragi. Mutanen Batsari da Safana kuma sun ga ranar da wayar ta yi shiru: a Satumba 2021, da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda ta'asar 'yan bindiga, mai son jin muryar ɗansa da ke neman kuɗi a Libiya ko Saudiyya sai ya yi tattaki zuwa inda ake samun sabis. Wanda ya biya kuɗin mota a irin wannan hanya ya kamata ya san ko wanda zai kira yana wurin aiki ko yana barci.

Abin da ya dace a koya wa yaranmu a aji, da taswira a bango da sanda a filin makaranta, shi ne agogo biyu ne suke tafiyar da rayuwarsu. Na hannu yarjejeniya ce ta mutane: an sauya shi sau huɗu a ƙasar nan tsakanin 1905 da 1919, kuma da shi ake kama jirgi, a shiga jarrabawa, a cika alƙawari da na nesa. Na sama kuwa ba a zauna taro a kansa ba, kuma da shi ake salla da azumi. Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya. Yaron da ya gane wannan, in rediyon Kano ya kira magariba, zai ajiye ludayinsa da kansa, ya dubi wajen Rugu tare da mahaifinsa, ya ƙirga minti 5 ɗin da ya san daga inda suka fito.